Idon da Ba Ya Ciruwa

Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, da hantsi, akawun babban zauren kiɗa ya fara saduwa da mutumin da ake kira Tsaya-Haka. Akawun yana zaune a ofishinsa da ke bayan rumfar sayar da tikiti, ya danne takardu da kofi saboda iskar fanka, sai ga wani siririn dattijo ya yi sallama ya shigo, rungume da baƙar jaka. Da aka nuna masa kujera ya zauna a bakinta, jakar kuma bai yarda ta taɓa ƙasa ba, a cinya ya ɗora ta.

Mai ɗaukar hoto ne. Sunan daga bakinsa ya samo shi, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a gabansa ya ji kalmar nan: "Tsaya haka, kar ka motsa!" Tun yana saurayi yake sana'ar a gindin wata bishiya da ke kallon ofishin yin katin shaida, da farin ƙyalle da yake ratayawa a jikin katanga, da benci guda. Da wayoyi suka cika hannun mutane aikin ya ja baya, amma bai mutu ba, tunda har gobe ofisoshi suna neman ƙaramin hoto mai farin baya, kunnuwa biyu a waje. Da wannan yake cin abinci, da shi yake sayen maganin matarsa.

"Ranka ya daɗe, izini na zo nema," in ji shi. "Ranar Asabar ina so in shigo da kyamara."

"Daga wace jarida?"

"Daga gidana."

Akawun ya dube shi ta saman tabarau. Ya yi masa bayani a tsanake, kamar yadda ya saba yi wa kowa. Mawaƙin da zai yi wasa ranar Asabar yana da kamfani, kamfanin yana da mai hotonsa guda, kuma hotunan mawaƙin kayan sayarwa ne. Saboda haka suka aiko da doka, aka manna ta a kowace ƙofa. Ya jawo kwafi ya karanta masa. Waya tana shiga. Ƙaramar kyamarar aljihu tana shiga, in ba za a kunna mata walƙiya ba. Amma duk kyamarar da ake cire wa ido a sauya mata wani, ba ta shiga, sai dai a bar ta a ɗakin ajiya.

Tsaya-Haka ya zuge jakar ya nuna masa tasa. Tsohuwa ce, fentin gefenta ya goge, an rufe ɗan allon bayanta da baƙin salatif saboda ya daɗe da mutuwa. Kusa da ita, naɗe cikin tsohuwar safa, ga wani dogon ido mai kusan tsawon kamu ɗaya.

"Ni ba ruwana da ogan nasu," ya ce. "Ko a kan ƙafata ya tsaya ba zan ɗauke shi ba. 'Yata ce a cikin 'yan amshi. Ita ce ta uku daga hagu, kusa da mai ganga."

Sai ya faɗi sauran, a gajarce, yana kallon jakar. Matarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki. Suna zaune a hawa na uku na wani tsohon bene, kuma tun da aka hau da ita daga asibiti ba ta sake saukowa ba. Likita ya ce zuciyar ma ta gaji, kada a jijjiga ta. Autarsu ta samu shiga cikin 'yan amshin wannan mawaƙi, ranar Asabar ce kaɗai za su yi wasa a garin, washegari su kama hanya, tafiya ta watanni. Hoto ɗaya yake so, na yarinyar a kan dandamali, ya kai wa uwarta.

"Ka yi haƙuri, Baba," in ji akawun. "Ba ni na rubuta ba. Ni karantawa kawai nake yi."

Dattijon ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo.

"Ka ce wadda ake cire wa ido. To, in ba ya ciruwa fa?"

Akawun ya sake bin layin da yatsa. Mutum ne da ba ya ƙara wa takarda abin da ba ta faɗa ba.

"In ba ya ciruwa, dokar ba ta ce komai ba."

"Na gode," in ji Tsaya-Haka, ya fita.

A gida ya tarar da Auta zaune a bakin gadon uwarta, tana nuna mata bidiyoyin da 'yan kallo suka ɗauka da waya a wasu garuruwan. Duk iri ɗaya ne. Mawaƙin ne a tsakiya, fitila a kansa, hannayen mutane suna gilmawa. Can baya, cikin duhu, wasu inuwoyi suna rausaya. A guda ɗaya ne kawai, da mai wayar ya karkata, aka ga gwiwar hannun Auta da gefen ganga.

"Wannan gwiwar hannun na san ta, ni na haife ta," in ji uwar. Maganarta a hankali take fitowa, ta gefe ɗaya na baki. "Ina sauran yarinyar?"

"Umma, ai na gaya miki, karɓe mana wayoyi ake yi tun daga ƙofar baya. Kayan ma na kamfani ne, a can ake sawa, a can ake tuɓewa. Bari in yi miki waƙar a nan mana."

"Muryarki tun kina goye nake jin ta, har ta hana ni barci. Ganinki nake so in yi a can, fitila a kanki." Ta juyo da ido wajen mijin. "Malam, ka ɗauki kunnuwan mutanen garin nan kaf. Ka kasa ɗauko mini 'yata?"

"An gama, Shugaba," ya ce. Haka yake kiranta tun suna da ƙuruciya, saboda ita ke yanke magana a gidan. "Ranar Lahadi za ki gan ta har da haƙoranta."

"Baba, ba za su bar ka ka shiga da wannan bindigar taka ba," in ji Auta. "Tikitin da aka ba ni ma na can sama ne, layin ƙarshe. Mutum kamar ƙuda za ka gan shi."

"Ke dai ki tsaya inda kika ce. Kuma ki riƙa ɗaga haɓa, kin cika sunkuyawa kamar mai neman allura."

Ranar Asabar da safe bai fita gindin bishiya ba. Ya biya wajen wani mai gyaran waya a bakin titi, ya sayi ƙaramar kwalbar gam, irin mai kamawa nan take. Mai gyaran ya tambaye shi abin da ya karye, ya ce ba abin da ya karye. Ya koma gida, ya shimfiɗa jarida a kan teburin guga da ke bakin taga. Ya cire gajeren idon da yake ɗaukar hoton kati da shi, ya ajiye gefe. Ya daɗe yana kallonsa, domin ya san abin da yake shirin yi: in dogon ya kama, gajeren ba zai sake komawa ba, kuma da dogon ido ba a ɗaukar hoton kati sai an ja baya har tsakiyar titi. Ya ce a ransa daga baya a nemi abin da ke narkar da gam. Ya goge bakin ƙarfen da auduga, ya ɗiga gam da tsinken ashana zagaye da shi, a hankali, ba tare da ko ɗigo ya taɓa gilashi ba. Ya ɗora dogon idon ya murɗa har ya ji ƙas.

Ya jira ya kama. Ya danna maɓallin cirewa ya murɗa da ƙarfi, bai motsa ba. Ya leƙa ta taga, ya saita wata mata da ke shanya a benen da ke tsallaken titi. Tangaran ya gan ta, har da maƙalen shanyar da ke bakinta.

"Me kake ta ƙwaƙula ne?" in ji matar daga kan gado. "Wari ya cika ɗaki."

"Aure nake ɗaura musu, Shugaba. Irin wanda ba saki."

Saboda warin ne ya yi sauri ya rufe bakin idon da murfinsa, ya naɗe kyamarar da tawul, ya cusa ta a jaka, ya zuge. Ya fitar da jakar baranda don kada ta dame ta. Nan ta yini a rufe, rana tana dukanta. Shi da gam sun daɗe tare, ya liƙe robar kyamara da shi, ya liƙe takalmi, amma bai taɓa rufe shi a wuri guda da gilashi ba. Bai san cewa irin wannan gam ɗin, kafin ya gama bushewa, yana fitar da wani tururi da ke kwanciya fari a kan duk abin da ke kusa da shi ba.

Da la'asar aka buɗe ƙofofin zauren. Layi ya miƙe har bakin titi, yawanci samari da 'yan mata, kowa da waya a hannu. Da aka zo kan Tsaya-Haka, mai gadin, wani ƙato mai baƙar riga, ya zuge jakar ya yi dariya.

"Baba, yaƙi za ka? Ɗakin ajiya yana hagu."

"Karanta dokarka, ɗana. Wadda ake cire wa ido aka ce. Cire mu gani."

Ƙaton ya danna maɓalli ya murɗa. Ya sake gyara tsayuwa ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya miƙa wa abokin aikinsa, shi ma ya gwada. 'Yan layi suka fara ihu.

"Oga, ba ka karya kumallo ba ne?"

"Ku bar tsoho ya wuce, haka aka haife ta!"

"A hankali dai," in ji Tsaya-Haka, yana murmushi. "Ta girme ka."

Aka aika aka kira akawun. Ya zo da takardarsa, ya dubi kyamarar, ya ga busasshen gam ya yi fari a gefen ƙarfen, ya dubi dattijon. Ya ce wa masu gadin dokar ta hana wadda ake cire wa ido, wannan kuwa sun gwada da hannunsu ba ta ciru ba. Ya ƙara da cewa kada a kunna walƙiya. Aka buɗe masa hanya. Bai cire murfin idon a nan ba, ba wanda kuma ya ce ya cire.

Kujerarsa tana can ƙololuwa, bayansa bango. Aka kashe fitilun zauren, injin hayaƙi ya fara feso farin hayaƙi a kan dandamali, ganguna suka tashi. Da mawaƙin ya fito, wayoyi suka ɗaga gaba ɗaya, duk suna kallon wuri guda. Tsaya-Haka ya cire murfi, ya kafa gwiwoyin hannunsa a kan ƙarfen da ke gabansa, ya kai ido.

Hazo ya gani. Fitilun sun kumbura sun zama manyan ƙwallaye, mutanen kuma kamar ana hango su ta labule. Ya ce hayaƙin nan ne, zai lafa. Ya goge gaban gilashin da gefen rigarsa, ya sake leƙawa, ba abin da ya sauya. Sai ya tuna da yanar da ta fara rufe masa idon dama, wadda ya ɓoye wa kowa a gida, wadda kuma ta fi damunsa in haske ya fuskance shi. Ya ce to, nasa idon ne. Kyamara ba ta da yana, abin da ke wurin za ta ɗauka. Ba shi da allon da zai duba ya tabbatar, kuma shekara da shekaru bai buƙaci dubawa ba, hannunsa ya san aikinsa.

Ya nemo mai ganga cikin hazon, ya matsa kaɗan, ya sami inuwa ta uku daga hagu. Ya gane ta da sunkuyon. Ya saita da hannu, ya riƙe numfashi, ya danna. Wata yarinya da ke kusa da shi ta taɓa shi ta ce, "Baba, ga mawaƙin can, ka kauce." Waƙa bayan waƙa bai ɗaga fuskarsa daga bayan kyamarar ba. Can wajen ƙarshe mawaƙin ya juya ya nuna 'yan amshinsa, aka watsa musu fitila na ɗan lokaci, muryoyinsu suka fito su kaɗai. A cikinsu ya ji ta Auta, siririya, a sama da sauran. Inuwar ta ɗaga haɓa. Ya danna, ya danna, ya sake dannawa, bakinsa yana motsi ba sauti.

Washegari da sassafe Auta ta durƙusa ta yi sallama da su, motar kamfani tana jiranta a ƙasa. Uwar ta riƙe mata wuyan hannu da hannunta mai lafiya, ta daɗe ba ta saki ba.

"Baba, in ka wanke ka ajiye mini ɗaya," in ji ta daga kan matakala.

"In kin yi kyau," ya ce.

Da hantsi ya isa shagon wanke hoto. Mai shagon tsohon abokin hulɗarsa ne. Ya karɓi katin da kyamarar ke ajiye hotuna a ciki ya saka a kwamfuta yana tsokanarsa, wai tsofai-tsofai da shi ya koma bin mawaƙa. Da hotunan suka buɗe sai ya daina tsokanar. Na farko fari ne. Na biyu fari. Ya riƙa wucewa da su ɗaya bayan ɗaya. A wasu akwai ɗan ja ko shuɗi da ya jiƙe cikin farin, a wasu akwai dogayen inuwoyi masu launin toka, ba fuska, ba hannu. Waɗanda aka ɗauka lokacin da aka watsa wa 'yan amshi fitila su suka fi kowanne fari.

"Hayaƙi ne," in ji Tsaya-Haka. "Rage haske."

Mai shagon ya rage, ya ƙara duhu, ya ja wannan ya ja wancan. Farin ya koma toka, shi ke nan. Ya karɓi kyamarar, ya haska tocila ta gaban idon ya leƙa. Can ciki, gilashin ƙarshe ya yi fari fat kamar an shafa masa alli.

"Wa ya sa mata gam?"

"Ni."

"Kai? Haba, Malam. Ka rufe ta kuma kafin ya bushe?"

Tsaya-Haka ya jawo kujera ya zauna. Ya tambaya ko mai hoton kamfanin zai iya samun wani abu, mai shagon ya ce ai sun tafi, kuma ko suna nan ba 'yan amshi aka ɗauke shi ya ɗauka ba. Suka bi bidiyoyin da 'yan kallo suka watsa na daren jiya. Lokacin da aka haska 'yan amshin, mawaƙin ya durƙusa a gaban dandamali yana miƙa wa mutane hannu, wayoyin duk suka bi shi.

"Wanke mini wancan," in ji Tsaya-Haka daga ƙarshe, ya nuna wanda inuwoyinsa suka fi fitowa.

Ya hau benen yana hutawa a kowane hawa. Ya tarar matarsa ta sa maƙwabciya ta jingina ta da matashi, ta ɗaura mata sabon ɗankwali, ta sa mata tabarau. Ya miƙa mata ambulan. Ta zaro hoton da yatsu biyu, ta kawo shi kusa da fuska, ta nisanta shi, ta juya shi.

"Malam, idona ne?"

"A'a, Shugaba. Na kyamarar ne. Ni na ɓata shi."

"Wacce ce ita?"

Ya sa yatsa a kan inuwa ta uku. Ta kalli wurin ta daɗe. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa faɗan yake jira.

"To, kai dai ka gan ta."

"Na gan ta."

"Ba ni labari. Rigar wane launi ce?"

Ya buɗe baki. Ya nemi launin a kansa, bai samu ba. Tun daga farkon wasan har ƙarshensa ta cikin gilashin nan ya kalle ta, bai ɗaga kai sau ɗaya ya duba da idonsa ba. Da ya so, da ya ce ja ko kore, amma matar nan ba ta taɓa kasa gane ƙaryarsa ba. Ta mayar da hoton cikin ambulan da ƙyar, ta miƙa masa, ta cire tabaran.

"Zame mini matashin nan," ta ce. "Bayana ya gaji."

A makon da ya biyo baya ya kai kyamarar wajen mai gyara. Aka zuba mata abin narkar da gam, ya ci robar da ke kewaye, idon bai saki ba. Da aka sa ƙarfi, bakin ƙarfen ya taho da wani ɓangare na jikinta. Mai gyaran ya ce a sayar da ita a matsayin kayan gyara. Zauren kuma ya ƙara layi a dokarsa, cewa duk idon da ya fi tafin hannu tsawo ba ya shiga, ko yana ciruwa ko ba ya ciruwa.

Matar ta rasu a watan Agusta, Auta tana wata ƙasa, sai ta waya aka gaya mata. Bayan tafiyar, kamfanin ya rage 'yan amshi zuwa biyu, ba ta cikin waɗanda aka riƙe. Yanzu tana aikin karɓar baƙi a wani asibitin haƙori, ba ta sake hawa dandamali ba. Tsaya-Haka ya saki ɗakin benen ya koma gidan ƙanensa a bayan gari. Yanar ta kama idon hagu ma, aka yi masa aiki, na hagu ya gyaru, na dama bai gyaru ba. Wani ya karɓi gindin bishiyar. Shi kuma yana zuwa shagon wanke hoton kullum ban da Lahadi, yana yanka ƙananan hotuna da almakashi yana sa su a ambulan.